Ragowar Silikon Banɗaki

Mai gilashi akwai cika baki, amma fa yana da hannu, don rabin tagogin layin shi ya saka su. Shi ya sa da akwatin gilashin da surukarsa ke kiwon kifi ya fara yoyo ta kusurwa, bai bari an kira kowa ba.

"Haba Mama, ina raye a kai wa wani? Yanzun nan zan gama."

Kifin ɗaya ne tal, ja mai doguwar wutsiya, wanda marigayi mijinta ya bar mata. Kullum da safe sai ta jawo kujera gabansa tana ba shi labari, har jikoki na tsokanarta wai ta yi sabon miji.

Aka juye kifin a bokiti. Mai gilashi ya kankare tsohon silikon, wato ƙaron da ke liƙe gilashin, da reza tas, ya goge gilashin fes. Da ya buɗe jakar aiki, ashe silikon da ya dace ya ƙare, sai ragowar wanda ya liƙe banɗaki da shi. Ya sani sarai irin wannan ana haɗa shi da maganin fumfuna, kuma guba ne ga kifi. Shi da bakinsa ya sha ja wa mutane kunne a kai. To amma shago da nisa, rana ta take, ga Mama tsaye tana ta sa masa albarka. Ya ce a ransa, ɗan wannan me zai yi? Ya matsa, ya bi da yatsa, layi ya fita sumul. Da ya bushe aka zuba ruwa, ko ɗigo babu, aka mayar da kifin ciki. Mama ta yi ta kiran maƙwabta su zo su ga aikin surukinta.

Sai kifin ya daina ci, ya lafe a ƙasa. Wata safiya matar mai gilashi ta ce ya zo maza.

Ya tarar da Mama kan kujerarta, kifin a naɗe cikin hankici a cinyarta.

"Ka yafe ni, ɗana," ta ce. "Ni na kashe shi. Ɗoki ne ya sa na cika masa abinci, na sa ka wahala a banza. Maƙwabciya ta ce za ta ba ni ƙananan nata, tunda akwatin ya gyaru."

Wayyo kunya! Ji ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya durƙusa, ya zaro reza, ya soma kankare layin nan da aka yi ta yabo.

"Me kake yi kuma?"

"Ba ke ba ce, Mama. Na banɗaki na sa, kuma na san yana kashe kifi."

Ta dube shi. Sannan ta miƙe, hankici a hannu ɗaya, ta ja kujerarta da ɗayan ta mayar ɗaki.