Wasiƙun Masinja

Auta na cikin cusa rigunan Baba a akwati ta ji ƙarar ƙofar gida. Kafin ta fito daga ɗaki har ya fice, da tsohuwar jakarsa ta fata a kafaɗa.

Jiya ta iso daga birni da saƙon yayyenta: a ɗauko Baba. Mantuwa ta kama shi, ga shi daga shi sai ƙanwarsa a gidan, ita ma ciwon gwiwa ya zaunar da ita. Shekara talatin ya yi yana raba wasiƙu a garin. An daɗe da rufe gidan wayar, amma a wurinsa har yau bai ajiye aiki ba.

"Gwaggo, ya fita fa!"

"Ƙyale shi, aiki ya tafi," in ji Gwaggo, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Auta ta zari mayafi ta bi bayansa da sauri, domin titin manyan motoci na gaba.

A bakin layi tela ya hango shi, ya tsayar da keken ɗinkinsa, ya yi ɗan rubutu ya sa a ambulan. "Masinja, yau ka makara! Ungo wannan, ta mai kemis ce, ta gaggawa."

Baba ya karɓi ambulan da hannu biyu, ya sa a jaka. Da ya kai titi, mai faci ya yar da tayar da ke hannunsa, ya shiga tsakiyar kwalta ya ɗaga hannu. Wata ƙatuwar tirela ta ja birki. Baba ya tsallaka a tsanake, har da ɗaga wa direban hula.

Mai kemis, wata dattijuwa mai tabarau, ta karanta wasiƙar da fuskar gaske. Ta miƙa masa ƙwayar magani da ruwa.

"Ka san dokar shagona, Masinja. Sai ka sha nake ba da amsa."

"Ke dai kin cika tsari," ya ce, ya haɗiye. Ta rubuta wata ta ba shi, ya yi gaba.

Sai a lokacin Auta ta matso ta gaishe ta.

"Autarsa ce ko? Kamar an tsaga kara. Zo ki gani."

Ta miƙa mata takardar tela. Layi biyu ne: "Ya wuce ta nan da ƙarfe tara. Yana ɗingishi da ƙafar hagu, a duba takalminsa."

"Shi ya sa na tura shi wurin mai gyaran takalmi," in ji matar. Ta jawo durowa, ga irin takardun nan maƙil, an ɗaure su da roba wata-wata. "Mu goma sha ɗaya ne. Ta ƙarshe kullum ta Gwaggonku ce, ita ke mayar da shi gida."

"Inna, wa ya shirya wannan?"

"Wa kuwa? Tela ya ga yana yawo da jaka ba komai, ya ji ba daɗi. Sauran muka bi."

Auta ta tsaya riƙe da takardar. Shekara biyu gari guda yana miƙa mahaifinta daga hannu zuwa hannu, kuma ba wanda ya ga abin ya kai a buga musu waya a faɗa.

Direban da ta yi shata ya kira, ya ce yana ƙofar gida. Ta ba shi haƙuri, ta ce ya juya, za ta yi magana da yayyenta.

Ta samu Baba a kan bencin mai gyaran takalmi, ƙafa ɗaya ba takalmi, ana cire ƙusar da ta shige ciki. Ya ɗago ya dube ta da fara'a.

"Baiwar Allah, baƙuwa ce ke? Gidan wa kike nema?"

Ta matso kusa da shi. "Gidan Masinja, Baba."

"Ai ni ne! Zauna. Saura min wasiƙa huɗu, in na gama sai in kai ki."

Ya kaɗe mata ƙurar benci da hularsa. Ta zauna.