Kafaɗar Mai Doguwar Bindiga

"Tahiru zai min wanka," in ji Nasrullah, muryarsa da ƙyar take fita.

Boukari, da ke bakin gadon yana masa fifita, ya ji maganar har cikin haƙarƙarinsa. Bango ɗaya ya raba ɗakunansu a Zongo tun suna da baƙin gashi, amma ga shi an miƙa wankan gawa ga wani Tahiru, wanda sai jiya ya zo daga unguwar Kwadaso da lemo a leda.

Dukansu tsofaffin sojoji ne. Boukari doguwar bindiga ya ɗauka, G3, mai nauyin tsiya da harsashi kamar ɗan yatsa, mai lamba 7.62, wadda in ta tashi sai ta shuri mai ita. Ita ta sauke masa kafaɗar dama har yau. Nasrullah kuwa direba ne, gajeriya aka ba shi don ta shiga mota, mai siririn harsashi, lamba 5.56. Boukari ya sha kiranta abin wasan yara. Tahiru ma gajeriyar ya riƙe.

"Ni fa, malam? Ni ke kai ka asibiti," in ji Boukari.

"Ranar da harsashina ya ƙare, Tahiru ya jefo min nasa, ya shiga daidai. Naka ko ka ba ni, ba ya shiga."

Kishi ya kama Boukari, irin wanda tsoho ke jin kunyar faɗa. Ya tashi zai fita, Nasrullah ya riƙe masa gefen riga.

"Tahiru bai san nauyi ba. Kai ka ɗauke ni. Lungun nan da rami."

Da hantsin Laraba Nasrullah ya cika. Boukari ya zauna a tsakar gida yana jin zubar ruwa daga ɗakin wanka. Da aka fito da makara, ya sa kafaɗa a gaba, ta dama.

A lungu mutane suka riƙa karɓar juna, kowa na neman lada. Tahiru ya matso, ya miƙo hannu.

"Kawo in taya ka, Alhaji."

Boukari bai ko dube shi ba. Ya tsallake kwata a hankali, katakon makarar na zaune a inda bindiga ta lotsa.