Ba a Kunna Kyandir a Gidan Don Eusebio

Tun da 'yarsa ta aiko masa da kwamfuta daga Monterrey, Don Eusebio Tlapanco ya tashi daga mutum ya koma hukuma. Dama can ba wani abin kirki ya tsinana ba. Hatimi ya yi ta bugawa a ofis har aka gaji da shi aka sallame shi da fansho, gidan benen da yake hura hanci a kansa kuma na marigayiya matarsa Amparo ne, gadon ubanta. Amma in ka hango shi a baranda, tabarau a kan hanci, yana danne-danne da yatsa ɗaya kamar kaza na tsattsagar dawa, sai ka rantse shi ke riƙe da garin Atlixco.

A haka ya yi kiciɓis da wani shafin intanet da ke tsara wa masu gidaje yarjejeniyar haya. Sharuɗɗa ne a jere, kowanne da ɗan akwati a gefe. Ka danna, ya shige takardarka. Ga mutumin da ko masinjan ofis bai taɓa shakkarsa ba, ai kakarsa ce ta yanke saƙa. Ba kare, ya danna. Ba kiɗa, ya danna. Ba a kafa ƙusa a bango, ba a shanya a taga. Da shafin ya kawo sharaɗin hana tari, da shi ma ya danna.

Duk wannan ɗamarar a kan mutum ɗaya aka yi ta, Doña Herlinda mai sayar da tamale, wani irin alalen masara da ake naɗewa a ganye, da ke haya a ƙasan benen. Ita ta riƙe 'yarsa ranar baftisma, shi ya sa suke kiran juna kompadre da komadre, dangantakar da a unguwar nan ta fi ta jini nauyi. Ita ta yi jinyar Amparo a ɗakin ƙasa har rai ya yi halinsa. Kuma duk shekara idan ranar matattu ta zagayo, ranar da mamata ke dawowa gida ziyara, ita ke kafa wa Amparo tebur. Ta jera hoto da abinci, ta kunna kyandirori da turare, ta zuba furanni ruwan ɗorawa tun daga titi har gindin teburin don marigayiya ta gane hanya. Aikin Don Eusebio shi ne ya sauko, ya matso hawaye, ya cinye rabin tamalen.

Ya samu Herlinda tana wanke ganyen masara, ya miƙa mata takardun yarjejeniyar yana gyaran murya. Ta goge hannu ta karanta a tsanake, leɓenta na motsi.

"Kompadre, wannan sharaɗi na sha ɗayan fa?"

"Ba kyandir, ba turare, ba wata wuta sai ta girki. Maganin gobara ke nan. Haka ake yi a ƙasashen da suka ci gaba."

"Ranar matattu ta ƙarato. Amparo ta ina za ta shigo?"

Gaskiyar magana, bai tuna ba. Hannunsa ne ya yi daɗi ya danna. Amma a ce shi, mai kwamfuta, ya goge abin da ya rubuta don mai tamale ta yi magana? Ya gyara tabarau.

"Lauyoyi ne suka tsara, komadre, ba ni ba. In na ɗaga miki yau, gobe kare za ki kawo min."

"Ni da kare? Ko kai da kake cin abincina ban gama da kai ba." Ta ƙura masa ido. "Kana nufin har ranar?"

"Har ranar."

"To, madalla."

Ya buɗe mata shafin a waya, ta zana sunanta da yatsa mai ɗanshi, ta koma kan ganyenta.

Ya hau sama zuciyarsa fes. Ya riga ya gama lissafi: Herlinda ba za ta iya barin ƙawarta a duhu ba, dole ta karya dokar. Shi kuma ya sauko, ya dubi kyandirorin, ya girgiza kai, sannan ya yafe mata a gaban mutane. Har jawabin yafiyar ya tanada, yana bitarsa a gaban madubi.

Ranar ta zo. Tun hantsi ƙamshin turare ya cika unguwa, kowane gida da nasa. Don Eusebio ya sa baƙar kwat ya zauna yana shinshina matattakala. Shiru. Rana ta take, ta karkata, babu ƙarar tukunya a ƙasa, babu hayaƙi. Nan ya miƙe zumbur, domin duk iyayinsa na zamani, ya yarda Amparo na zuwa, kamar yadda kowa ya yarda. Ya sauko da sauri har yana haɗa matakala biyu.

Ƙofar Herlinda a kulle. Ya leƙa ta taga, ɗakin tsaf, ko ashana babu a kan tebur.

Da ya fito titi ya ga hanyar furen. Ta taso daga kwana, ta zo daidai ƙofarsa, ta juya mata baya, ta tsallaka titi ta shige gidan Don Melitón mai aski. Melitón ɗin da ya nemi Amparo tun suna samari, aka hana shi don ba shi da aikin ofis, bai kuma ƙara neman kowa ba.

Ya faɗa gidan ko sallama babu. Falon cike da maƙwabta. Teburin ya yi hawa uku, wuta na ta rawa, ga hoton matarsa a sama tana dariya.

"Sannu da zuwa, maƙwabci," in ji Melitón, ya sha farar riga, gashi ya sha mai. "Yi a hankali kar ka take mata hanya."

"Komadre, wane irin wulaƙanci ne wannan? Matata a gidan wani?"

"Ni dai doka na bi," in ji Herlinda, tana gyara lagwanin kyandir. "Na tambaye ka, ka ce har ranar. In bar ta tana gararamba a titi? Bawan Allah nan ya ce falonsa babu sharaɗi."

Wata tsohuwa ta toshe baki da gyale, kafaɗunta na rawa.

Don Eusebio ya ce, "Yanzu zan hau in goge sharaɗin. Ku kwaso kayan."

"A tashi baƙuwa tana tsakar cin abinci? Haba kompadre. Ai ta riga ta sauka."

Sai ya shiga neman aibu a teburin, ko ya samu abin da zai riƙe. Idonsa ya faɗa kan wani faranti cike da alawar gwaiba, an ajiye shi dab da hoton.

"Kun gani ko? Ko saninta ba ku yi ba. Amparo ba ta cin gwaiba."

Melitón ya dube shi, babu fushi, sai wani tausayi da ya fi zagi ciwo.

"A gidanka ne ba ta ci, don ka ce warinta na sa ka ciwon kai. Duk ranar kasuwa a tsaye take shanye ta a bakin rumfa, ta kuskure baki kafin ta shigo maka."

Ba wanda ya yi dariya wannan karon. Don Eusebio ya juya ga Herlinda ko za ta ƙaryata, ta sunkuyar da kai ta ci gaba da jera kofuna. Ya dubi sauran matan, kowacce ta kawar da ido. Ashe duk layin sun sani.

Wani ya jawo masa kujera daga bakin ƙofa, inda ake zaunar da baƙi. Ya cire hula ya zauna.