Lazanyar Ettore ta Ranar Lahadi

Ni dai tun farko ban nemi shiga maganar ba. Da sassafe na leƙa taga na hango maƙwabcina Ettore Bortolan ya tsallako shinge da gajeren wando da silifas, yana cusa kwalaye cikin durom ɗin sharata. Tsoho ne da ya doshi tamanin, ya ƙare ƙuruciyarsa a saran rake, amma sai sanɗa yake kamar kyanwa ta hango kifi. Na bari sai da ya rufe murfin, sannan na yi gyaran murya.

"Ettore, naka durom ɗin ciwo yake yi?"

Ya tsaya ƙiƙam. Na sauko na ɗaga murfin. Kwalayen lazanya ne na kanti, taliyar Italiyawa da ake jerawa hawa-hawa da miya da cuku, irin daskararriyar nan da muke jefawa a murhun gashi ranar da aiki ya sha mana kai, kafin yara su gama wanka an zauna cin abinci. Ni dai da ita na raini 'ya'yana, ban taɓa jin kunya ba. Amma Ettore jikan Italiyawa ne, kuma a nan garinmu Ingham gara a ce jikan Italiyawa ya saci akuya da a ce yana cin taliyar kwali.

Ya ja ni gindin mangwaro ya zayyane min komai. Tun da matarsa Pierina ta rasu, Allah ya jiƙanta, ya koma cin burodi da kifin gwangwani, har wando ya fara zame masa. 'Yarsa Graziella, wadda take aikin jinya a Townsville, ta zo ta gan shi haka, ta kafa masa sharaɗi. Ko dai ta ga yana dafa abinci na gaske yana ci, ko a sayar da gidan ta ɗauke shi zuwa ɗan ɗakin da ta gina a ƙarshen tsakar gidanta. Ettore kuwa da hannunsa ya kafa dogayen turakun da gidan nan yake tsaye a kansu, a ciki aka haifi Graziellar kanta. Ya ce min idan ba a akwatin gawa ba, ba mai fitar da shi.

Shi ne ya ce mata ya tuno yadda uwarta take yin lazanya. Duk Lahadi ta zo, ya ajiye mata kwano guda a tebur yana hura hanci.

Na ce to ni mene ne nawa a ciki? Ya ce durom kawai yake roƙo, don Graziella takan leƙa nasa ta ga abin da yake ci. Na ce ciyawar tsakar gidana ta yi tsawo, kuma gwiwata ba ta son injin yanka. Muka daidaita a nan take.

Sai da na ga yadda yake aikin na san tsohon nan ba ƙaramin ɗan duniya ba ne. Ba ya saye a garinmu, don mai karɓar kuɗi a kantin tare suka yi makaranta da Graziella, bakinta kuma ba ya rufuwa. Sai ya tuƙa tsohuwar motarsa zuwa garin gaba, ya sa hular malafa har hanci, ya cika akwatin ƙanƙara ya dawo. A ƙarƙashin gida, tsakanin turaku, akwai wata doguwar firiza da ya ce wa kowa kifi ne a ciki. Can yake jibge su.

Kwanon Pierina ya fi na kanti faɗi, saboda haka guda biyu ba sa cika shi, uku kuma sun yi yawa. Sai ya ɗauko addarsa ta saran rake, ya wanke ta tas, ya sare ta ukun tun tana daskare, ya jera su kamar mai gina bulo. Ya toshe tsagin da cuku, ya bi gefe da bayan cokali ya yamutsa don kada ta yi kyau da yawa. Ya tsinko ganyen miya mai ƙamshi da ake kira basil a lambu ya watsa. Daga ƙarshe ya bar kusurwa ɗaya ta ɗan ƙone, don Pierina ba ta taɓa yin lazanya ba ta ƙona kusurwa ba, tana can bakin shinge muna gulma.

Abin ya karɓu fiye da yadda muka zata. Ettore ya yi ƙiba, wando ya zauna. Graziella ta daina maganar sayar da gida. Har ragowar take naɗewa ta tafi da ita. Wata Lahadi ta tare ni a bakin mota tana ce min wai ashe duk shekarun nan Baba yana kallon hannun Mama ba su sani ba. Na ce ai maza haka suke, sai ka rasa abin da ke cikinsu. Ettore yana bayanta yana zare min ido.

Shi kuma nasara ta hau masa kai. Ya fara ba matan ƙungiyar Italiyawa shawara a kan miya. Na ji shi da kunnena a ƙofar coci yana gaya wa wata tsohuwa cewa sirrin abin haƙuri ne, kada a gaggauta tumatir. Mutumin da ko ƙwai bai iya soyawa ba. Na kusa shaƙewa.

Ana nan sai damina ta kawo mana guguwa. Graziella ta zo ita kaɗai don ta taya shi ɗaure tagogi, kafin ta juya ruwa ya shanye babbar hanya, ta maƙale a garin. Iskar ba ta yi mana ɓarna sosai ba, kwanon rufi kaɗan da bishiyoyi, amma ta tafi da wutar lantarki, aka ce kuma ba ranar dawowarta.

Kowa ya san abin da ake yi idan wuta ta ɗauke haka. Zafin garin nan ba ya jiran kowa. Kafin kayan firiza su lalace, kowane gida ya fito da murhun gas bakin titi, a kwaso duk abin da ke ciki a gasa, a ci tare. Wanda ya ɓoye nasa har ya yi wari, sai ya shekara ana yi masa tsiya da shi.

Graziella ta ce bari ta sauka ta kwaso kifin Baba. Ettore ya ce kifin ya tsufa, ba ya ciyuwa. Ta ce to a zubar kafin ya cika gida da ɗoyi. Ya ce mabuɗin ya ɓata. Firizar da ko kwaɗo babu a jikinta. Allah ya taimake shi aka kira ta duba wata maƙwabciya da ta yanke a ƙafa, ta ɗauki jakarta ta fita.

Ban ƙarasa shan shayina ba na gan shi a bakin shinge, gumi har haɓa.

"Noelene, don girman Allah ki ce naki ne. Ke ba wanda zai yi mamaki."

Na ce wato ni ce marar kunyar unguwa ke nan. Ya ce ba haka yake nufi ba. Na ce haka kake nufi, kuma za ka gyara min matakalar baya. Ya dinga miƙo kwalaye ta saman shinge ina karɓa, suna ɗigar ruwa, har na gaji da karɓa. Na tambaye shi ko yaƙi yake shirin yi. Ya ce an yi rangwame ne.

Na lodo su a baro na tura bakin titi. Aka yi min caa. Wannan ya ce Noelene kanti za ta buɗe, wancan ya ce shi ya sa mijina ya riga ni tafiya. Tsofaffin matan Italiyawa suka dinga kallon kwalayen suna taɓe baki. Na ce duk wanda bai so ya bari, ba dole. Ba wanda ya bari. An rufe su a murhu, ƙamshi ya tashi, masu taɓe bakin nan su suka fara miƙo faranti.

Ettore ne ya ɓata mana aiki. Ya ga ana zuba lazanya tsirara haka, zuciyarsa ta kasa ɗauka. Ina can ina raba cokula, ashe ya lallaɓa lambu ya tsinko basil, ya watsa a kan guda ɗaya, ya kuma tura ta gefen da wuta ta fi ƙarfi. Hannu ya riga ya saba. Ita ce kuma aka yanko wa Graziella da ta dawo a gajiye.

Ta kai cokali ɗaya baki ta tsaya. Ta kai na biyu. Ta juya farantin ta dubi kusurwar da ta ƙone, ta dubi tulin kwalayen da ke cikin baro, sannan ta dube ni. Na shiga gyara igiyar takalmina, alhali silifas ne a ƙafata.

Ta ajiye farantin ta nufi ƙarƙashin gida, Ettore ya bi ta, ni ma na bi su, don da ni aka ƙulla. Ta ɗaga murfin firizar. Ba kifi ko na magani, sai ruwa da guntun lazanya guda da adda ta sare.

Na yi zaton faɗa za ta yi, na ma shirya nawa bakin. Sai ta zauna a kan matakala, idanunta suka ciko.

"Baba, ragowar da nake tafiya da ita, ko yara ba na ba. Ni kaɗai nake ci kaɗan-kaɗan. Na ɗauka hannun Mama ne."

A nan dariyar ta fita daga raina, kunya ta kama ni sosai. Ettore ya cire hula yana murza ta.

"Na gwada yin irin tata, 'yata. Sau ɗaya. Na sa albasa a mai, da ƙamshin ya tashi sai na juya zan ce ta miƙo min gishiri. Kashe wutar na yi na fita. Ban sake iyawa ba."

Graziella ta share fuska da bayan hannu. Ta tambaye shi ina yake sayowa, ya faɗa. Ta tambayi yadda yake cika kwanon, ya nuna mata addar. Ta tambayi inda kwalayen suke zuwa, ya nuna ni da baki, tsohon banza. Ta ce wato shi kaɗai yake tuƙi har garin gaba ya dawo, ya yaudari ma'aikaciyar jinya, ya yaudari matan coci, ya kuma saye maƙwabciya da yankan ciyawa. Ya ce e, a hankali, don ya san an zo wurin da za a yanke masa hukunci. Na ga yana kallon turakun gidan ɗaya bayan ɗaya.

Ta miƙe ta karɓi hular daga hannunsa ta ɗora masa a ka.

"A wurin aikina tsohon da ya iya shirya wannan makirci sallamarsa muke yi, mu ba wani gadon. Zauna a gidanka, Baba. Ni ma ban iya soya albasar ba tun da Mama ta tafi."