Ƙugiyar Rijiya Ba 'Yar Paris Ba Ce

A ɗakinmu na aikin ƙamus a birnin Nancy akwai wata al'ada: duk tsohuwar kalmar da aka rasa asalinta, sai a rubuta mata "karin harshen Paris". Haka muka gada daga malamanmu. Ni kuwa tun ina ɗaliba nake cewa mutanen zamanin da ba su san wannan suna ba, masana ne suka raɗa shi daga baya don su sami inda za su riƙa jibge abin da ya gagare su.

Aikina na ƙarshe kafin ritaya shi ne sunan ƙugiyar da ake ciro guga da ita in ya faɗa rijiya. A tsohon littafin rubutun hannu ɗaya tak aka same shi, littafin kuma yana ajiye a Paris. Na ce kalmar yankin Picardie ce, don a bakin kakata 'yar can na fara jin ta. In aka buga kundin da "Paris", shi ke nan, jikokinmu ma haka za su kwafa.

Gaspard Delattre, abokin gardamata tun ƙuruciya, shi ke sa hannu na ƙarshe.

"Odile, kakarki ba hujja ba ce," in ji shi. "Ni ma ai ina da kaka."

"Taka da ta tsufa a bene na biyar? Ta taɓa leƙa rijiya?"

"Ke dai bakinki ba zai yi ritaya ba."

Na ɗauka magana ta ƙare. Ashe washegari ya hau jirgin ƙasa, da gwiwar nan tasa mai ciwo, ya je ya buɗe littafin da kansa. Da ya dawo ya zauna yana haki.

"Ba ki ci ba, ban ci ba. A shafin ƙarshe magatakardan da ya rubuta shi ya roƙi albarkar wani waliyyi da ba a girmama shi sai a yankin Normandie. Littafin baƙo ne a Paris."

"Picardie fa?"

"Kawo hujja in rubuta."

Ba ni da ita. Ya ɗauki alƙalami ya soke "Paris", abin da ban taɓa ganin an yi a ɗakin nan ba, ya rubuta "Normandie".

Na ce, "Na gode, Gaspard."

"Miƙo min kujera in ɗora ƙafa," ya ce.