Ranar da Yusha'u Ya Kashe Mu Duka

Shekarar da soja suka koma bariki, ƙungiyarmu ta mahautan Agege ta sayi kwamfuta, wai mu ma mu waye. Aka damƙa ta a hannun sakatarenmu Yusha'u, wanda ya yi sati uku yana koyo a Ikeja, ya dawo yana tafiya kamar likita. Kullum tana buga sunayenmu a takarda, wanda ba ya ciki ba ya shiga mayanka.

Sai Allah ya yi wa maigidana Ɗanbaba rasuwa, shi da ya koya mini riƙe wuƙa. Bayan mun kai shi, Yusha'u ya umarci kwamfuta ta rubuta "marigayi", ya manta bai faɗa mata sunan mamacin ba. Ita kuwa ba ta tambaya. Ta kashe mu duka, mu ɗari uku da sha biyu.

Da safe mai gadi ya duba takarda, ya tare ƙofa.

Na ce, "Oga, ni ne fa Talle."

Ya ce, "Na gan ka. Amma gawa ba ta shiga. Allah ya jiƙan ka."

Saura kwana tara Babbar Sallah, lokacin da mahauci ke samun na shekara. Matata Batulu ta tambaye ni ko ta fara takaba. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Shugabanmu ya tara mu ya ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Daga yau a sa wa kwamfuta iyaka, kada ta taɓa fiye da mutum ɗaya a rana, kuma manya ne gaba. Na ce a tashe mu tare mana, yadda aka kashe mu tare. Aka ce in yi shiru, ni ne na ɗari biyu da casa'in.

Yusha'u ya sa iyakar, ya yi bisimilla, ya danna don a tashi shugaba. Ya sake mantawa da suna, ita kuma ta ɗauki na farko a jeri, wanda ya riga kowa shiga ƙungiya. Takarda ta fito da mai rai ɗaya tal: Ɗanbaba. Shugaba ya ce doka doka ce, sai gobe.

Na koma ƙofa. Mai gadi ya tambayi sunana, na faɗi sunan mutumin da na sa a kabari da hannuna. Ya duba, ya buɗe, ya ce, "Sannu da dawowa, Baba."

Na shiga ina share hawaye. Shekara goma sha ɗaya yana ciyar da ni, ashe bai gama ba.