Sati Biyar Bayan Saukar Jirgi

Shekara sittin da tara ina cewa ni ɗan Ireland ne, ba wanda ya taɓa cewa in kawo takarda. Sunana Dermot Gilhooly. A garin Scranton na Amurka aka haife ni, a nan na yi aikin famfo har gwiwoyina suka gaji.

Wata Alhamis muna karyawa a gidan abincin da muka saba, sai Kaz Dombek, abokina tun firamare, ya ajiye wani ɗan littafi ja kusa da farantina. Fasfon Ireland. Da hotonsa a ciki, da wannan ƙaton hancin.

"Kar ka taɓa min da hannun maiƙo," in ji shi.

"Ina ka sato wannan?"

"Kakata ta wajen uwa, a Cork ta Ireland aka haife ta. 'Yata Renata ce ta cika min takardun. In dai a can aka haifi kakanka ko kakarka, shi ke nan."

"Kai? Ɗan Poland? Kai da ko a taswira ba za ka iya nuna Cork ba?"

"Ba su tambaye ni taswira ba, tsoho."

Ƙwan nan ban iya ƙarasa shi ba. Mutumin da duk watan Maris yake tsayawa bakin titi yana min dariya in na fito faretin 'yan Ireland da koriyar hula, wai shi ne yau yake da ƙasar a aljihu. Na ce masa ya saurara, nawa na nan tafe.

Washegari na je maƙabarta na ɗauki hoton dutsen kabarin kakana. An rubuta ɓaro-ɓaro: Malachy Gilhooly, mutumin Mayo ta Ireland. Na kai wa Renata, 'yar Kaz.

"Kawu Dermot, ba sa karɓar dutse," ta ce. "Takardar haihuwa suke so."

Na rubuta wa coci biyu a Mayo. Wata uku, amsa ta zo: sun ga auren iyayensa, amma shi babu sunansa. Na ce ragwanci ne irin na limamin cocin ƙauye. Na tafi gidan yayata Bernadette, mai ajiye tsofaffin takardunmu a gwangwanin biskit. Ba ta ko sa tabarau ba ta zaro min takardar baftismar kakanmu. Cocin da aka rubuta a jiki, ina ganin hasumiyarsa daga tagar kicin ɗina.

"Yana cikin uwarsa aka hau jirgi," ta ce. "Sati biyar da saukarsu aka haife shi. Ai kowa ya sani."

"Ni ban sani ba, Yaya! Dutsen fa?"

"Baba ne ya sa aka rubuta. Duk unguwarmu haka ake yi. Garin da dangi suka fito ake sawa."

Na koma wajen Renata da hujjar da na kwana biyu ina gyarawa. Na ce ai cikin a can aka ɗauke shi, wata bakwai ya sha ruwan Mayo. Ta toshe baki da hannu kar dariya ta kuɓuce mata. Da ta nutsu ta ce da babana ya yi rajistar zama ɗan Ireland kafin a haife ni, da an samu hanya. Babana! Mutumin da ya taɓa fasa wa wani baki don ya zagi Ireland, amma bai taɓa cika takarda ko ɗaya ba.

Na roƙe ta kar ta faɗa wa ubanta.

Alhamis ta zagayo. Kaz zai tafi Ireland a watan Yuni, har ya sayi sabuwar jaka.

"Ina naka fasfon, maigidan Mayo?"

"Ka san aikin ofis. Suna ta duba."

"In biya in gaishe maka da dangi?"

"Bari sai na je da kaina."

Ya juya cokali a kofinsa, ya daɗe yana juyawa. Na jira tsiyar da zai min, don Kaz bai taɓa barin dama ta wuce ba.

"Renata ta ce..." Ya ajiye cokalin.

"Ta ce me?"

"Ta ce in tafi da rigar ruwa."

Ya turo min gasasshen burodinsa, abin da bai taɓa yi ba tun muna yara. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Na ture farantin na kira mai kawo kofi.